Daga allo zuwa kwamfuta: Adana ayyukan yara a Batagarawa

Duk wanda ya saba sayen ƙosai da safe a bakin hanyar Dutsin-ma, daidai Batagarawa, da wuya a ce bai taɓa karanta aikin makarantar wani yaro ba tare da ya yi niyya ba.

Sau da yawa takardar da ake ƙunshe ƙosan, ko gyaɗa, ko tsire, shafi ne da aka yago daga littafin rubutun wani ɗan firamare, da lissafinsa, da jan biron malami, wani lokacin ma har da zanen gida da bishiya a gefe.

A nan ne galibin ayyukan da yara suka kwashe shekara suna yi suke ƙarewa. Abin da ya kuɓuta daga hannun mai ƙosai kuwa, gara na jiransa a ƙarƙashin gado, ko yoyon ɗaki da damina, ko kuma a hura wuta da shi a madafa.

Wannan dai na faruwa ne a yankin da ya yi suna wajen harkar ilimi. A kan wannan hanya ta Dutsin-ma ne Kwalejin Ilimi ta Tarayya take, inda ake horas da malaman makaranta, haka ma Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua wadda aka kafa a 2006.

A ƙofofin waɗannan makarantu akwai shagunan kwamfuta birjik, masu yi wa ɗalibai buga takardu da kwafi. Na'urorin da ke cikinsu, da ma wayar salular da ke aljihun iyaye, sun isa a ceto ayyukan yaran kafin su salwanta.

Mene ne wannan kundi?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai tsohuwar al'ada ta ajiye wani babban littafi mai fararen shafuka a gida, inda ake manna hotuna, da wasiƙu, da labaran da aka yanko daga jarida, da zane-zanen yara, a kuma rubuta ɗan bayani a ƙarƙashin kowanne.

Al'adar ta yi ƙarfi a ƙarni na 19, har ma marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya yi rajistar wani irin littafi da ya ƙirƙiro a 1873, mai ɗauke da danƙo a jikin shafukansa, wanda jiƙa shi kawai ake yi a manna takarda.

Da kwamfuta da kyamarori marasa fim suka yawaita a gidaje daga ƙarshen shekarun 1990, sai al'adar ta koma cikin na'ura. A maimakon danƙo da almakashi, ana ɗaukar hoton takardar ne, a jera hotunan shafi-shafi, a sa kwanan wata da bayani, a ajiye.

Abin da ya fi kama da wannan a ƙasar Hausa shi ne albam ɗin hotuna da ake miƙa wa baƙo a falo ya duba kafin a kawo ruwa. Sai dai albam fuskoki yake ajiyewa: ranar suna, ranar Sallah, ranar biki. Ba kasafai ake samun abin da hannun yaro ya yi a cikinsa ba.

Allo da zayyana

Akwai dalilin da ya sa haka, kuma ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba.

A makarantar allo, wadda Katsina ta shahara da ita tun zamanin malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, ba a yin rubutun yaro don a ajiye.

Almajiri zai ɗauki alƙalamin kara, ya tsoma a tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro, ya rubuta karatunsa a allo. Idan ya biya wa malam aka tabbatar ya riƙe, sai ya wanke allon ya rubuta na gaba.

Wanke allo alama ce ta ci gaba. Ma'ajin karatun shi ne ƙirjin yaron, allo kuwa hanya ce kawai. Wanda ya tashi a wannan tsari ba zai ga abin mamaki ba idan aka jefar da littafin aji uku ranar da yaro ya shiga aji huɗu.

Amma ko a makarantar allon ma akwai allo ɗaya da ba a wankewa, shi ne allon zayyana.

Idan ɗalibi ya sauke Alƙur'ani, akan rubuta masa Fatiha da farkon Suratul Baƙara a wani allo na musamman, a ƙawata shi da zane-zane masu kusurwoyi, da launuka ja da rawaya da kore da baƙi. Da shi ne mai sauka yake zagaya 'yan'uwa da abokan arziki, yana karantawa ana yi masa kyauta da addu'a.

Akwai gidajen da irin wannan allo yakan shekara da shekaru a rataye. Ke nan tunanin a ajiye shaidar ƙoƙarin yaro ba baƙo ba ne a nan. Abin da ya sauya shi ne a yanzu ajiyar ba ta cin wuri, don haka babu dalilin taƙaita ta ga allo guda.

Haka kuma, a ganina, babban amfanin kyamara a wuri irin Batagarawa ya zarce takarda.

Mafi kyawun fasahar yaran karkara ba a littafi take ba. Tana cikin motar kara da ake ƙerawa bayan an yi girbin dawa, da motar gwangwani mai ƙafafun silifa, da shanun laka da ake shanyawa a rana a bakin rafi, da 'yar tsana da yarinya ta ɗinka wa zane daga ƙyallen tela.

Babu ɗaya daga cikinsu da za a iya mannawa a littafi, kuma da wuya su yi mako biyu ba su wargaje ba. Hoto ne kaɗai zai riƙe su.

Haka batun yake ga murya. Hadda ko tilawar yaro ɗan shekara bakwai, ko waƙar gaɗa, ko tatsuniyar da ya ji wurin kakarsa yake maimaitawa da bakinsa, duk ana iya naɗarsu a waya a ajiye tare da hotunan.

Wannan ma mafita ce ga iyayen da ke da ƙyamar zanen abu mai rai saboda dalilai na addini. Kundin zai iya cika da rubutun hannu, da zayyana, da taswira, da lissafi, da karatu.

Wa zai amfana?

Wani zai ce, a lokacin da ake fama da kuɗin abinci da na makaranta, ina ruwan magidanci da zanen yaro?

Amsa ta farko ta shafi karatun ne kansa. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, Najeriya ta amince a riƙa auna ɗalibi a kai-a kai cikin shekara, ba a jarrabawar ƙarshe kaɗai ba. Amma abin da ke isa hannun uba a ƙarshen zango shi ne katin sakamako mai ɗauke da lambobi da matsayin da yaro ya zo a aji.

Lamba ba ta nuna cewa yaro ya shekara biyu yana juya wasu haruffa baibai ba, ko kuma rubutunsa ya lalace farat ɗaya a wani zango. Idan aka jera shafin watan Oktoba kusa da na watan Yuni, ko uwar da ba ta yi boko ba za ta ga bambanci, malamin sabon aji kuma zai san inda zai kama.

Amsa ta biyu ita ce asara. A watan Yulin 2018 ambaliya ta afka wa garin Jibiya cikin dare, inda ta hallaka mutane fiye da 40, ta kuma rusa ɗaruruwan gidaje. A shekarun da suka biyo baya, hare-haren 'yan bindiga sun kori iyalai da dama daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana, wasunsu suka nufo birnin Katsina da kewayensa.

Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa neman katin sakamako. Amma idan ya je sa yaro a sabuwar makaranta, tambayar farko ita ce a wane aji ya tsaya. Wanda kuma ya taɓa ɓatar da takardar shaidar gama firamare ya san zirga-zirgar da ke biyo baya, tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu da ofishin ilimi.

Hoton takarda ba ya maye gurbin ta asali a gaban hukuma, amma yana ɗauke da lamba da shekara da sunan makaranta, waɗanda su ne ake buƙata wajen neman wata.

Amsa ta uku ta masana tarihi ce, kuma ita ce ba a cika tunawa da ita ba.

A birnin Novgorod na ƙasar Rasha, masu haƙar kayan tarihi sun tono wasu ɓawon itace da wani yaro mai suna Onfim ya yi aikin makaranta a kansu wajen shekara ta 1260. Ana jin shekarunsa ba su wuce shida ko bakwai ba.

Yaron ya fara jera haruffa kamar yadda aka sa shi, da ya gaji sai ya zana kansa a kan doki yana sukar abokin gaba da mashi, ya kuma rubuta sunansa a gefe. Laka mai danshi ce ta adana su bisa tsautsayi, ga shi a yau suna cikin muhimman shaidun yadda ake koyar da yara a wancan zamani.

A sansanin Terezin, inda 'yan Nazi suka tsare Yahudawa lokacin yaƙin duniya na biyu, wata malamar zane mai suna Friedl Dicker-Brandeis ta ɓoye zane-zanen ɗalibanta fiye da 4,000 a cikin akwatuna biyu, kafin a kai ta Auschwitz a 1944 inda aka kashe ta. Galibin yaran ma ba su tsira ba. Zane-zanen na nan a gidan tarihin Yahudawa da ke birnin Prague.

A nan kusa kuma, a 2007 wata ƙungiya mai suna Waging Peace ta tattara zane-zane kimanin 500 daga yaran Darfur da ke sansanonin gudun hijira a gabashin Chadi, ta miƙa su ga kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, wadda ta karɓe su a matsayin abin da zai taimaka wajen fahimtar abubuwan da suka faru.

Abin da yaran jihar Katsina ke zanawa a bayan littattafansu a wannan zamani na rashin tsaro shi ma tarihi ne.

Masu ziyartar tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, wadda kuma yanzu gidan tarihi ce, sun san cewa a nan ne Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Da a ce wani zai fito da littafin insha'in ɗaya daga cikinsu na aji ɗaya, babu wanda zai yarda a ƙunshe ƙosai da shi.

Yadda ake yi

Aikin ba shi da wuya. Na'urar sikana ta shagon kwamfuta ta fi fitar da rubutu tangaran, kuma ma'aunin da masu adana takardu suka saba amfani da shi shi ne ɗigo 300 a kowane inci. Sai dai ana biya ne shafi-shafi, don haka ta fi dacewa da takardun shaida da katin sakamako.

Sauran kuwa waya ta wadatar. A shimfiɗa takardar a ƙasa mai tsabta, a inuwa da hantsi, a riƙe wayar daidai saman takardar ba a karkace ba, a kuma kashe fitilar kyamara domin tana sa fensir da kala su yi ƙyalli. Da hunturu a fara goge gilashin kyamarar, ƙura na dusashe hoto.

Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne bayani. Hoton da ba shi da suna da aji da shekara, bayan shekaru goma babu mai iya cewa na wane ne a gidan da ke da yara takwas.

Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta waɗannan a 'yar takarda a ajiye a gefen zanen kafin a ɗauka, ta yadda bayanin zai zauna a cikin hoton kansa. Idan aka tambayi yaron me ya zana aka rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta, sau da yawa amsar ta fi zanen daɗi.

Akwai manhajoji masu ƙawata shafi da furanni da launuka, amma ba dole ba ne. Jaka ɗaya ga kowane yaro, da ƙaramar jaka ga kowace shekara, sun isa. A kuma ajiye hotunan a tsarin da kowace na'ura ke buɗewa, wato JPEG ko PDF.

Kwamfuta ma na mantuwa

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin mutane da dama na ɗauka cewa abin da ya shiga na'ura ya tsira ke nan.

A 1986 BBC ta jagoranci wani gagarumin aiki a Birtaniya, domin cika shekaru 900 da rubuta littafin Domesday, wani kundin ƙidayar filaye da dukiyar Ingila na shekara ta 1086.

Mutane kimanin miliyan ɗaya ne suka ba da gudummawa, akasarinsu yara daga makarantu wajen 9,000, waɗanda suka yi rubutu kan garuruwansu da rayuwarsu ta yau da kullum. Aka zuba duka a kan wasu manyan fayafayai biyu, waɗanda a lokacin su ne ƙarshen fasaha.

Zuwa shekara ta 2002, na'urorin da ke iya karanta fayafayan sun kusa ƙarewa. Sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka duƙufa kafin a ceto bayanan, kuma a 2011 BBC ta sa wani ɓangare nasu a intanet. Shi kuwa littafin 1086, wanda aka rubuta a kan fata, har yanzu ana iya buɗe shi a karanta.

Kamfanonin intanet ma ba su tsira ba. A 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi da hotunan da jama'a suka ɗora na tsawon kimanin shekaru 12, a yayin sauya rumbun ajiya.

Kamfanin Google ya daina ba da ajiyar hotuna kyauta mara iyaka a watan Yunin 2021. Abin da yake bayarwa kyauta shi ne gigabait 15, wanda zai ɗauki hotunan waya 'yan dubbai, kuma tare da wasiƙun imel ake cinye shi. Daga watan Disambar 2023 kuma kamfanin ya ce yana iya goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Wannan na da muhimmanci a nan, inda sau da yawa mai shagon waya ne yake buɗe wa mutum asusu ranar da ya sayi wayar, mai ita kuma bai taɓa sanin kalmar sirrin ba. Ranar da aka ƙwace wayar ko ta faɗa rijiya, hotunan na nan a intanet amma babu mabuɗi.

Memori kuwa, musamman mai arha na jabu da ya cika kasuwa, yakan mutu ba sallama. Kai shi wurin masu tura fina-finai da waƙoƙi na iya jawo masa cutar kwamfuta. Hoton da aka tura ta WhatsApp yakan rage kyau domin manhajar na matse shi, sai dai idan an tura shi a matsayin takarda.

Shawarar da masu adana bayanai suka daɗe suna bayarwa ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. A Batagarawa wannan na iya zama waya, da filash a cikin akwati, da kuma wayar ɗan'uwa da ke Kano ko Kaduna.

Wa zai gani?

Ajiyewa daban, bazawa daban.

Katin sakamako na ɗauke da cikakken sunan yaro, da makarantarsa, da ajinsa, wani lokacin har da hotonsa. Wayoyi da dama kuma na liƙa wa hoto bayanin daidai wurin da aka ɗauke shi, idan ba a kashe wannan tsari ba.

A jihar da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, ba sai an yi dogon bayani kan hatsarin sa irin wannan a Facebook ko a zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane ba.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta tanadi cewa sai da amincewar iyaye ko waliyyi za a yi amfani da bayanan yaro. Wannan ya shafi makarantu masu zaman kansu da ke tallata kansu da hotuna da sakamakon ɗalibai.

Akwai kuma haƙƙin yaron kansa. Jarrabawar da ya ci sifiri, ko wasiƙar da ya rubuta cike da kurakurai, abin dariya ne a cikin gida, amma idan ta fita tana iya bin sa har girma. Yaron da ya kai aji huɗu ya isa a tambaye shi abin da yake so a ajiye da wanda ba ya so kowa ya gani.

Takardar asali fa?

Ba duka za a ajiye ba, amma shafuka biyar ko shida a shekara ba za su cika ɗaki ba.

Masu adana kayan tarihi ba sa son laminetin, wato rufe takarda cikin leda da na'ura mai zafi, duk da farin jininsa a shagunan kwamfuta. Zafin na iya narkar da kala, kuma idan an rufe ba a iya buɗewa ba tare da an lalata takardar ba.

Ambulan mai kauri a cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan wani abu nesa da ƙasa da bango, ya fi. Malaman da suka ajiye littattafan hannu a gafaka tsawon ɗaruruwan shekaru ba su yi abin da ya wuce haka ba. Rubutun fensir na daɗewa, na biro ne ke kodewa idan rana na dukansa, don haka shi ya kamata a fara ɗauka.

Shekarar karatu dai kan ƙare ne tsakanin watannin Yuli da Agusta, daidai lokacin da damina ta kankama, gara kuma ta fi ɓarna. A makon da aka ba da hutu ne yara ke dawowa da littattafan gida, kuma a cikin wannan makon ne galibinsu ke ɓacewa.